Injin Namu Ne, To Zanen Fa?



Ranar Ƙaramar Sallar da ta wuce, bayan an sauko daga Idi a Rano, na tsaya bakin hanya ina jiran abokina, sai na samu kaina ina ƙirga wuyan riguna. Ba da niyya na fara ba, sabo ne ya bi ni. Kafin abokin nawa ya ƙaraso na ƙirga samari bakwai, ba tare suke ba, shaddar kowa da kalarta, amma aikin wuyansu iri ɗaya ne sak. Har wani ɗan kuskure da ke gefen aljihu, inda layi biyu suka ƙi haɗuwa, yana jikin duka bakwai ɗin. Na san zanen nan. Yana cikin filash ɗin shagon da na yi SIWES a Kano, kuma a shagon ba wanda ya san wanda ya zana shi. Wani ne ya turo wa wani ta WhatsApp, shi ma wani ne ya turo masa.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ra'ayina a taƙaice shi ne: a sana'ar surfanin kwamfuta, wadda muke kira monogiram, inji ba shi ne sana'ar ba. Sana'ar tana cikin fayil. Wanda ya iya zana fayil, ya iya gyara shi, ya iya adana shi, shi ne mai sana'a. Wanda bai iya ba, ko da injinsa na kai goma sha biyu ne, mai danna maɓalli ne kawai. Mu ɗaliban da muke karatu a Rano, a makarantar da aka raɗa wa sunan fasahar karkara da koyon dogaro da kai a ƙarƙashin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, mu ne ya fi dacewa mu shiga wannan gurbin. Kuma in muka yi sanya, za mu fita da difloma mu je mu zama yaran shago a sana'ar da kakanninmu suka yi wa sarauta.

Yadda na lalata shaddar mutane

Bari in fara da abin kunyata, don kada a ce ina wa'azin abin da ban ɗanɗana ba.

Saura kwana huɗu Babbar Sallah, wani bawan Allah ya kawo shadda biyu, tasa da ta ɗansa mai shekara shida, yana so su yi anko. An yi tasa lafiya lau. Da aka zo kan ta yaron, maigidan shagon ya fita sayo zare, ya ce da ni, "Kai ɗan makaranta, ai ka iya kwamfuta, rage girman zanen ka ɗora." Ni kuwa kai ya kumbura. Na buɗe fayil ɗin, na rage shi zuwa kashi 70 cikin 100, na duba allo na ga ya yi kyau, na ɗaura yadin a firem na danna.

Ba a yi minti goma ba zare ya fara tsinkewa. Na zura, ya sake tsinkewa. Can sai na ji ƙas, allura ta karye. Da na ɗaga firem ɗin sai na ga zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, shaddar kuma ta tsage a wuya kamar an bi ta da reza. Da maigida ya dawo bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Kallon yadin kawai ya yi, ya ce, "Ashe a makarantar ma ba a san wannan ba." Shi ya biya shaddar daga aljihunsa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, shi kansa bai iya gaya min dalilin da ya sa hakan ta faru ba. Abin da ya sani kawai shi ne ba a rage zane da yawa. Shekararsa takwas da inji.

Sai daga baya na gano dalilin, kuma lissafi ne da ɗan JSS zai iya. Fayil ɗin da na taɓa irin wanda ake kira DST ne. Wannan tsarin na kamfanin Tajima ne na ƙasar Japan, kuma kusan duk injin kasuwa yana karanta shi, har da injunan Caina da suka cika shagunan Kano. Amma DST ba zane ba ne. Jerin umarni ne kawai: allura ta matsa nan, ta soka, ta matsa can, ta soka, ta yi tsalle, ta tsaya a canza zare. Kowane taku ana auna shi da kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma taku ɗaya ba ya wuce milimita 12.1. Ko kalar zare ba ya riƙewa, wurin canzawa kawai yake nunawa. Shi ya sa kake buɗe fayil ka ga fure ya fito kore, ganye ya fito ja.

To idan ka rage tsawo da faɗi zuwa kashi 70, filin da zanen zai zauna ya koma kashi 49, wato ƙasa da rabi. Amma adadin sukan allura yana nan yadda yake. Suka 30,000 da aka shirya wa wuyan babba, sai ka cusa su a rabin wurin. Tazarar da ke tsakanin layukan zare, wadda galibi ake bari a wajen milimita 0.4, ta koma 0.28. Allura tana soka kusa da inda ta soka, tana yanka zaren yadin da kanta. Shadda kuwa, da ƙarfinta da gam ɗinta, ba ta yafe irin wannan.

Abin da manhaja take yi

Da a ce muna da uwar fayil ɗin, da ba a yi asarar nan ba. Ga bambancin da nake so kowa ya riƙe. Manhajar surfani tana aiki da fayil iri biyu. Akwai uwar fayil, inda aka ajiye zanen a matsayin siffofi: wannan da'ira ce, wannan ganye ne, a cika shi da irin ɗinki kaza, da tazara kaza. A manhajar Wilcom, ta wani kamfanin Ostareliya da aka kafa a 1979, wadda ita ce aka fi sani a shagunanmu, sunan wannan fayil EMB. In ka rage girman uwar fayil, manhajar za ta sake lissafa sukan daga farko, ta rage adadinsu, tazara ta tsaya daidai. Sai kuma fayil ɗin inji, wanda ake fitarwa daga uwar: DST ga yawancin injunan kasuwa, PES ga injunan Brother, JEF ga na Janome. Uwar fayil kamar ƙullun ƙosai ce, kana iya ƙara gishiri, ka yi manya ko ƙanana. DST kuwa soyayyen ƙosai ne. Gaskiya ne manhaja tana iya buɗe DST ta yi ƙoƙarin hasashen siffofin da ke ciki, amma hasashe ne, wani lokaci ta dace, sau da yawa ta ƙara dagula abin.

Shi mai zanen, wanda a kasuwa ake ce wa mai fancin, ba hoto yake kwafa ba. Sunan ma ya samo asali ne daga zamanin da ake huda doguwar takarda don a ba inji umarni, kafin zuwan filash. Aikinsa yanke shawara ne, ɗaya bayan ɗaya. Ina za a yi ɗinkin layi siriri? Ina za a yi satin, mai sheƙi, wanda ya dace da sirarran wurare da haruffa? Ina za a yi tatami, wanda ake cike babban fili da shi? Wane ɗinkin shimfiɗa za a fara yi a ƙasa don ya riƙe yadin kafin na sama ya hau? Nawa za a ƙara wa faɗin siffa, tunda zare yana jan yadi ya tsuke shi? Kuskuren nan da na gani a rigunan samari bakwai, inda layi biyu suka ƙi haɗuwa, daga nan ya fito: ba a yi lissafin jan zare ba. Sannan daga ina allura za ta fara, ina za ta ƙare, don a rage tsalle da yankan zare?

Duk waɗannan kuɗi ne. Ɗauki injin da ke gudun suka 750 a minti ɗaya. Zane mai suka 30,000 zai ci minti 40, ban da tsayawar canza zare. In wanda ya iya ya gyara fayil ɗin, ya cire sukan da ba su da amfani ya dawo da shi 24,000 ba tare da kyansa ya ragu ba, ya koma minti 32. Minti takwas a kowace riga. A riga goma, awa ɗaya da minti ashirin ke nan. Duk wanda ya taɓa zama a shago cikin goman ƙarshe na azumi, janareta na shan mai, masu kaya na tsaye a ƙofa, ya san darajar awa ɗaya.

Sai maganar adanawa, wadda ita ce aka fi rainawa. A shagon da na zauna, filash ɗaya ne ke ɗauke da duk arzikin shagon, fayiloli sun fi ɗari uku, sunayensu lambobi ne da haruffan da ba su da ma'ana. Mai kaya zai nuna hoto a waya, sai a yi rabin awa ana buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya a allon inji ana nema. Ranar da filash ɗin ya kwashi bairos a wani shagon da aka je kwafo sabon zane, kwana biyu ba a yi aikin kirki ba. Alhali maganin bai fi ƙarfin kowa ba. A raba folda: wuyan maza, babbar riga, hula, abaya da gyale, bajon makaranta. Kowane zane a ajiye masa abu uku wuri ɗaya, wato uwar fayil, fayil ɗin inji, da hoton yadda ya fito a yadi na gaske. A rubuta girmansa, adadin sukansa, jerin kalolin zarensa, da irin yadin da aka gwada shi a kai. A ba fayil ɗin inji gajeren suna, don wasu injunan ba sa nuna dogo. Sannan a ajiye kwafi a wuri uku: laftof, filash, da intanet. Wannan ba sihiri ba ne, irin tsarin ajiyar bayanai ne da muke rubutawa a jarrabawa muna cin maki, mu fito mu manta.

Mai zane ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

Wani zai ce wannan ai sabon abu ne na Turawa. Manhajar ce sabuwa, gurbin tsoho ne. A tsarin ɗinkin babbar riga na da, ba mutum ɗaya ke yin komai ba. Akwai masaƙi, akwai marini, akwai maɗinki, akwai mai zane, sannan mai surfani. Mai zanen, wanda sau da yawa malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, shi ne ke zana aska biyu ko aska takwas, da tambari, da gidan biyar, a jikin yadin, sannan a miƙa wa waɗanda za su bi da zare. Su masu bin suna iya yin makonni ko watanni, amma fasalin rigar daga hannun mai zane ya fito. Inji ya karɓi aikin masu bi da zare. Bai karɓi aikin mai zane ba, alƙalaminsa kawai ya canza. A da da alƙalamin kara ake zana linzamin riga, yau da linzamin kwamfuta.

Kuma mu 'yan wannan yanki bai kamata a ba mu labarin tufa ba. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato na rini. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne cinikin tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Ba a cikin birni kaɗai ake yin aikin ba, garuruwa da ƙauyukan kudancin Kano suna cikin masu ɗauke da shi. A shekarun 1970 wani Bature mai suna David Heathcote, da ke koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi masu surfani yana nazarin zanensu har ya yi digirin digirgir a kai. Yau akwai manyan rigunan Hausa a gidajen tarihin Ingila, an adana su, an rubuta bayaninsu. Mu kuwa da muka gaje su, filash ɗinmu cike yake da furannin da ba mu san daga inda suka fito ba.

Ban ce furen waje haramun ba ne. Kasuwa tana son sabon abu, kuma tun da can ma masu zanenmu suna aro daga Nufe, da Barno, da ƙasashen Larabawa. Amma aro daban, dogaro daban. Rigar aro ba ta rufe katara. Shagon da duk zanensa kwafi ne ba shi da abin da zai ce nasa ne, don haka ba shi da abin gasa sai karya farashi, kowa na karyawa har a rasa mai cin riba.

Abin da masu ja da ni suke cewa

Na yi wannan muhawara a hostal ba sau ɗaya ba, kuma akwai maganganu huɗu da ke dawowa.

Ta farko ita ce mafi nauyi: inji ya kashe aikin hannu, kai kuma kana so ka ƙara masa kaifi. Ba zan yi musu ba, don a gidanmu abin ya faru. Kawuna a ƙasar Kibiya mai surfanin hannu ne. Ina yaro, in kaka ta wuce, ƙofar gidansa ba ta rabuwa da samari masu koyo, kowa da yadi a cinya. Yau shi kaɗai yake zama, a shekara bai fi ya samu riga biyu ko uku ba. Haka mata masu ɗinkin hula a cikin gidaje suke kukan hular inji ta karya musu kasuwa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma tambayar ita ce, in mu muka ƙi koyon manhaja, injin zai koma inda ya fito? Ba zai koma ba. Zai ci gaba da aiki da zanen wasu, kawu ya rasa masu saye, zanensa kuma ya bi shi kabari. Aikin hannu yana da masu nemansa, sarakai da angwaye da masu hali, kuma inji ba zai taɓa ba ka taushi da nauyin rigar da aka yi wa aikin tsamiya da hannu ba. Abin da ya wajaba mu tsare shi ne gaskiya: kada a sayar da aikin inji da sunan na hannu. Sannan in za a ɗauki zanen dattijo a mayar da shi fayil, a nemi izininsa, a biya shi, a rubuta sunansa da garinsa a jikin bayanin fayil ɗin. In ya ce a'a, a bar masa abinsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya, har da tufafi. Amma tun kafin doka, mu mun san mene ne haƙƙi.

Ta biyu: ba kuɗi, ba wuta. Gaskiya ne Wilcom ta asali tana da tsada, ta fi ƙarfin ɗalibi. Shi ya sa mutane ke sa kwafin sata, wanda ban da maganar haƙƙi, shi ne babbar ƙofar bairos, kuma yana iya rufewa ana tsakiyar aiki ba wanda za ka kai wa kuka. Amma akwai Ink/Stitch, wadda ake ɗorawa a kan manhajar zane ta Inkscape. Dukansu kyauta ne, halal, ba sata. Tana fitar da DST da PES da sauransu, tana nuna maka yadda allura za ta bi kafin ka taɓa yadi, kuma in ka sauke ta sau ɗaya ba ta buƙatar data. Ba zan yi ƙarya ba, ba ta kai Wilcom sauri da sauƙi ba, kuma za ka sha wuya a makonnin farko. Sai dai ilimin ɗaya ne. Wanda ya fahimci tazara, da shimfiɗa, da jan zare a wannan, in ya zauna gaban waccan ba zai daɗe ba zai saba. Laftof ɗin da kake rubuta furojet da ita kana kallon fim, ta isa. Cajin da ke isar ka kallon wasan Firimiya, zai ishe ka zana wuya ɗaya.

Ta uku: in ka zana, gobe za a kwafe a watsa a WhatsApp. Tabbas za a kwafe. DST ba shi da kwaɗo. Amma ka tuna abin da ya same ni. Wanda ya kwafi DST soyayyen ƙosai ya samu. Ranar da mai kaya ya ce a yi wa ɗansa irinsa, ko a mayar da shi kan yadi mai laushi, ko a sa sunan amarya a tsakiya, dole a nemo mai uwar fayil. Don haka ka sayar da fayil ɗin inji, ka riƙe uwar. Kuma kasuwarka ba zane ɗaya ba ce, hannunka ne. Wanda ya fito da sabon wuya a wannan Sallar, shi za a nema kafin ta gaba.

Ta huɗu ita ce wadda ba a faɗa da ƙarfi: ni da difloma zan koma tela? Ɗan uwa, mu gaya wa juna gaskiya. Mu nawa ne a ajin ƙarshe, kuma ofis nawa ne ke jiran mu a sakatariyar Rano ko ta Kibiya? Ga aiki a gabanmu wanda ba ya buƙatar shago, ba ya buƙatar ka mallaki inji, ba ya buƙatar ka hau mota ka bi ta Bunkure zuwa Kano kullum. Kana zaune a Tarai ko Rurum ko Saji, ka zana, ka tura ta waya ga mai shago a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, a turo maka kuɗinka. Ka duba makarantun firamare masu zaman kansu da Islamiyyu da ke yankin nan, kowacce tana son bajo a rigar ɗalibanta. Ga ƙungiyoyin ƙwallo, ga 'yan kasuwa masu son tambarinsu a hula, ga anko na biki. Kowane bajo sai wani ya zana fayil ɗinsa. Ga 'yan uwanmu mata kuwa, wannan sana'a ce da za a iya yi daga cikin ɗaki, kuma wadda ta taso tana ganin ana ɗinkin hula a gida ta riga mu sanin yadda zare ke tafiya.

Abin da nake roƙo

Ba na son in yi dogon surutu in tashi ba tare da na ajiye wani abu a teburin ƙungiyarmu ba. Ga buƙatu huɗu, ba wadda ta fi ƙarfinmu.

Ɗaya, ƙungiyar ɗalibai ta buɗe zaman koyon zanen surfani ranar Asabar, awa biyu. Waɗanda suka yi SIWES a shagunan monogiram su fara koyar da abin da suka sani, kowa ya zo da laftof ɗinsa, wanda ba shi da ita ya zauna kusa da mai ita. A sauke manhajar kyauta sau ɗaya a raba.

Biyu, a nemi wani mai inji a yi yarjejeniya da shi: mu gyara masa fayilolinsa mu tsara masa su kyauta, shi kuma ya bar mu mu gwada zanenmu a kan ƙyallayen da suka rage. Wannan sharaɗi ne babba, domin allo maƙaryaci ne. Zanen da bai hau yadi ba, ba a san shi ba tukuna. Ni shaida ne.

Uku, 'yan ajin da ke bayanmu, masu neman abin da za su yi furojet a kai, ga shi a ƙofar gida. A shiga garuruwan Rano da Kibiya, Lausu, Fammar, Durba, duk inda aka ji akwai tsohon mai zane ko gwanar hula, a ɗauki hoton aikinsu da izininsu, a rubuta sunan kowane zane kamar yadda suke kiran sa, a mayar da shi fayil, a gwada, a adana. Ya fi a kwafo furojet ɗin da aka yi shekara biyar da suka wuce a canza suna.

Huɗu, muna roƙon hukumar makaranta da malamanmu, cikin ladabi, su duba yiwuwar sa wannan a cikin darussan koyon sana'a, kuma a ba wannan taskar zane masauki a makaranta, don kada ta bi ɗalibi ɗaya ta tafi ranar da ya gama.

A hutun da ya wuce na je gaida kawu, na tarar da shi a zaure. Na gaya masa abin da nake koyo, ina ɗari-ɗari, don na ɗauka zai ji haushi. Ya yi shiru, sannan ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar adaka. A ciki akwai takardun buhun siminti da aka yanka, an yi zane a kansu da tawada, wasu nasa, wasu na mahaifinsa. Gara ta ci gefen da yawa. Na ce, "Kawu, ka yarda in ɗauki hotonsu?" Ya ce, "Ɗauki mana, ɗan nan. Shekara nawa ba wanda ya tambaye ni su. Amma in injin naku ya yi, ka kawo min in gani, don na san sai ya karkace ƙafar askar." Na ɗauki goma sha ɗaya. Na gama mayar da biyu fayil, na gwada ɗaya a kan ƙyalle, na kai masa. Ya juya shi gaba da baya, ya sa yatsa a wuri ɗaya, ya ce nan ne. Kuma gaskiyarsa ne, ƙafar askar ta karkace. Na koma na gyara, yanzu ina kan gwaji na uku.

Saura tara, ga jarrabawar ƙarshe ta matso. Duk mai sha'awa, namiji ko mace, ya ba da sunansa a ofishin ƙungiya, mu fara ko da mu biyar ne.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu fita da abin da zai amfane mu, ya amfani garuruwanmu.